Kafin a Gama Yankan Dawa

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe tara na safe, ina tsaye gaban 'yan aji biyu da guntun kwali a hannuna. Harafin m ne rubuce a jikinsa. Muna tisa haruffan baya ne kafin mu shiga sabo, na ce kowa ya rufe leɓensa ya ja sautin har sai na ce ya isa. Suna cikin ja sai na hangi hedimasta a bakin taga. Bai shigo ba, hannu kawai ya ɗago mini. Da na fito ya ce, "Malama, sai haƙuri. Goggo ta rasu da asuba a asibitin Jahun. Ƙarfe sha ɗaya za a sallace ta."

Na yi innalillahi, shi ma ya yi. Da na koma ajin na tarar yaran suna nan suna ja. Wanda numfashinsa ya ƙare sai ya shaƙi wani ya ci gaba, domin ban ce ya isa ba. Na ce musu ya isa. Kwalin da ke hannuna Goggo ce ta yanka shi, ita ta rubuta harafin.

Goggo ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Malama ce a makarantarmu, wata firamare a ƙauye kusa da Aujara, kuma ta girme mu duka har da hedimastan. Bafulatana ce, a ruga aka haife ta. Kowa Goggo yake ce mata, malamai da yara da iyayen yara. Shekara tara muna shiga mota ɗaya daga Jahun kullum safe, mu dawo tare bayan azahar. Da yake kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, ba ta kirana da komai sai 'yar Barebari, kuma ba ta taɓa barina na huta da tsokana ba.

Abin da nake so in rubuta shi ne abin da ya faru a watanninta na ƙarshe. Amma sai na fara faɗin yadda nake koyar da karatu kafin nan.

Yadda aka koya mini, haka na koyar. In cika allo da haruffa, in ɗauki tsumagiya ina nunawa, yara su rera ei, bi, si, di har ƙarshe. In an gama wannan sai in rubuta jimlolin da ke cikin littafi, in faɗa su faɗa, in faɗa su faɗa, har su zauna musu. Ajina ya fi kowane aji ƙara. Daga bakin rijiya ana jin mu. Duk lokacin da masu duba makarantu suka zo, ajina hedimasta yake fara kawo su, su tsaya su ji, su gyaɗa kai. Ban taɓa shakkar cewa ni malamar kirki ce ba.

A dogon hutun shekarar aka tura mu bita Dutse, ni da Goggo. Muka sauka gidan yayana a Takur. Kwana biyar ana nuna mana wata hanya ta koyar da karatu: kada a fara da sunan harafi, a fara da sautinsa, a koya wa yaro haɗa sauti da sauti har kalma ta fito daga bakinsa. Mai koyar da mu ta ce ba ra'ayinta ba ne, masu bincike sun daɗe suna lura da yadda yara ke koyon karatu, kuma abin da suka gano ke nan. Ta sa mu, manya da mu, muna sss kamar macizai, muna tafa hannu muna ƙirga gaɓoɓin kalma. Ni dai kunya ta ishe ni. Goggo kuwa tana sahun gaba, ta fi kowa tafi.

A hanyar komawa masauki na ce mata, "Goggo, da girmanki kike wannan wasan yara?"

Ta ce, "Ke ba ki yi allo ba ne, 'yar Barebari? Ba babbaƙu aka fara miki ba, sannan farfaru? Ba, bi, bu. Mene ne sabo a nan? Mu ne dai da muka shigo boko muka ajiye hankalinmu a bakin ƙofa tare da takalma."

Na yi dariya, ban ɗauki maganar ba. Da muka dawo na sa littafin bitar a ƙasan akwati.

Sati na biyu da komawa makaranta, ana tsakiyar yankan gero, wani mutum ya zo da 'yarsa a hannu. Makiyayi ne daga rugar da ke bayan makaranta. Yarinyar ɗalibata ce tun aji ɗaya, na taho da 'yan ajinsu zuwa aji biyu. Ba za ta wuce shekara takwas ba, siririya, mai kaifin kai, kuma ita ta zo ta ɗaya a zangon da ya wuce. Ya yi sallama, muka gaisa sosai, har da tambayar shanu. Sannan ya ce, "Malama, an ce ke kika rubuta cewa wannan ta zo ta ɗaya."

Na ce, "Ni ce, Baffa."

Ya ce, "A cikin su wa?"

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya ajiye a kan teburina. Malamin dabbobi ne ya rubuta masa da Hausa, layi uku, yadda zai ba wata saniya magani. Ya ce da ya koma gida ya manta ko safe da yamma aka ce ko safe kawai, sai ya tuna yana da 'yar boko a gida. Ya miƙa mata. Ta riƙe takardar da kyau, ta gyara tsayuwa, ta ce, "Wannan kaza ce. Kaza tana da 'ya'ya." Shafin farko na littafinmu ke nan.

Daga nan Hausa ta ƙare masa ya koma Fillanci, aka kira Goggo ta yi tafinta. Na san tana rage wa maganar yaji, domin abin da ya faɗa a dogon numfashi ita a kalma biyar take kawo shi. Abin da ya iso gare ni shi ne: shi bai yi boko ba amma ya yi allo, ya san mai karatu ya san mai hadda. In an gama yankan dawa za su kora shanu kudu, kuma yana bukatar hannu. In yarinyar ta iya karatu kafin nan, zai bar ta wajen kakarta ta ci gaba da makaranta. In ba ta iya ba, za ta bi maruƙa, domin can ko ba komai ana ganin amfaninta.

Yarinyar tana tsaye kanta a ƙasa. Ba ta san laifin da ta yi ba. Duk abin da na ce ta yi, ta yi shi fiye da kowa.

Da ya tafi na ce wa Goggo tsoron ubanta ne ya ruɗa ta. Goggo ba ta musa mini ba. Ta ce in ba ta tsumagiyata. Akwai jimloli huɗu a allo waɗanda muka rera tun safe. Ta ɗora tsumagiyar a kan kalmar ƙarshe ta layin ƙarshe, ta ce, "Wa zai karanta mini wannan?" Ajin da ake ji daga bakin rijiya ya yi tsit. Ta mayar da tsumagiyar kan kalmar farko, sai duk suka ɗauka gaba ɗaya, suka zarce har ƙarshe, ita kuwa tsumagiyar ba ta motsa daga inda take ba. Sannan ta rubuta baba a gefe, ta kira yarinyar. Yarinyar ta duba ta ce, "Bi, ei, bi, ei." Goggo ta ce, "Madalla. To me ya ce?" Yarinyar ta ci gaba da kallon allon.

A mota ranar na zauna jikin taga. Ina ta tuna fuskokin waɗanda suka wuce ta hannuna shekara tara, wasu har sun yi aure. Sai da muka kusa shiga Jahun Goggo ta ce, "In kin gama makokin, ki nemo littafin nan. Na san yana ƙasan akwati, nan Barebari ke ɓoye abin da ba su gane ba."

Washegari muka fara. Ita aji huɗu take koyarwa, amma ta roƙi hedimasta ya bar ta ta riƙa shigowa ajina rabin awa kullum safe. Ta samo kwalayen taliya daga masu kanti, ta yanka su daidai tafin hannu, ta rubuta harafi ɗaya a kowanne. Satin farko huɗu kacal muka ɗauka: a, m, k, n. Na ce mata sun yi kaɗan. Ta ce in gwada in ga kalma nawa za su haifa. Muka zauna muka lissafa: mama, kaka, nama, kama, kan, makaranta ce dai ba ta samu ba. Ban taɓa tunanin yaro zai iya karanta kalma ta gaske a satinsa na farko ba. A wurina sai an gama haruffa duka, sannan a yi maganar kalma.

Abu na farko da ya ba ni wahala shi ne bakina. In na zo faɗin sautin m sai in ce ma, in na zo k sai in ce ka. Goggo ta ce in na manna masa wasali tun daga farko, yaro ba zai iya cire shi ba ranar da ya ga mi ko ku. Sai na koma gida ina gwadawa ina tuƙa tuwo, har maigidana ya tambaye ni ko haƙori ke damuna.

Na biyu shi ne shiru. A sabuwar hanyar, bayan an yi tare, sai a bi yara ɗaya bayan ɗaya a ji kowa da bakinsa. Ajina ya daina ƙara. Hedimasta ya leƙo sau biyu a rana ɗaya, a na biyun ya ce, "Malama, lafiya dai? Na ɗauka kin sallame su." A cikin wannan shirun ne na fara sanin yarana. Na gano akwai wanda shekara guda yana motsa baki ne kawai ba ya fitar da komai. Na gano akwai wadda ba ta ji sosai da kunnen hagu, na dawo da ita gaba.

Ranar Alhamis ta sati na biyu na jera wa yarinyar kwali huɗu a kan benci. Ta sa yatsa ta ja: nnn, a, na. Mmm, a, ma. Na ce ta haɗa da sauri. Ta ce, "Na, ma. Nama." Ta sake dubawa. Sai ta ɗago kai ta ce, "Malama, naman ci?" Na ce shi. Ta rufe baki da hannu tana dariya, kamar wadda ta kama wani yana ɓuya. A nan na gane abin da mai bitar nan take nufi, wanda kwana biyar ban ji ba. Kalmar ba daga bakina ta karɓe ta ba. Daga kwalin ta ɗauko ta da kanta.

Daɗin wannan ne ya sa na yi kuskure. Goggo ta yi sati ba ta zo ba, ƙafafunta sun kumbura. Ni kuwa kullum a hanya ina kallon dawa tana fitar da kai, ina lissafin kwanaki. Sai na zuba wa yaran haruffa tara a sati ɗaya. Da ta dawo ta jera musu kwali, sai ga shi sun koma halinsu na da: su kalli harafin farko, su kalli fuskata, su cinka. Yarinyar ta ga kifi ta ce kaza.

Goggo ta ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Goggo, lokaci nake ji. Dawa ta kusa."

Ta ce, "Dawar ke kike nunar da ita? Sauri ya haifi nawa. Kwashe biyar ki mayar jaka."

Muka koma baya, muka yi kwana takwas muna gyara abin da na ɓata. A lokacin ne ta fara rubuta musu 'yan labarai a bayan kwali, layi uku ko huɗu, kuma ba ta sa harafin da ba mu koya ba ko ɗaya. Wani lokaci labarin ya fito wani iri, domin kalmar da ta dace tana da harafin da ba mu kai ba. Akwai wanda kaka ta kama kifi ta sa a kano. Na ce mata kwano ake cewa. Ta ce ta sani, kakar ce ta tafi Kano da kifinta tun da ba mu kai w ba, in bar ta ta yi tafiyarta. In yaro ya gama karantawa sai ta kifar da kwalin ta tambaye shi wa ya kama me, ina aka kai shi. Ta ce wanda ya fitar da sauti bai san abin da ya faɗa ba, hadda ce ta sake riga.

Da muka iso ɓ da ɗ, 'ya'yan ruga suka riga kowa. Goggo ta yi ta taƙama, wai nasu ne tun kaka da kakanni. Na ce ta jira mu kai ƙ da ts mu ga ƙarshen taƙama, tun da ita kanta har yau karfe take cewa. Ta ce ranar nan ita ba za ta shigo ba, ta ba ni aron ajin.

Haka kuwa aka yi, amma ba yadda muka nufa ba. Aka kwantar da ita a Jahun. Na je duba ta ranar Asabar da la'asar, 'yarta tana gefe tana yi mata fifita. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Ban gama gaishe ta ba ta ce, "Kun kai ina?"

Na ce, "Mun gama ƙ, mun shiga ts."

"Yarinyar fa?"

"Tana karanta layi huɗu, amma a hankali."

Ta ce, "A hankalin ake so. Kada ki faɗa mata kalma in ta tsaya. Na san ki da tausayin banza. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki buɗe baki." Ta ɗan huta, sannan ta ce wa 'yarta, "Ba wa 'yar Barebari ruwa, ta sha hanya." Kwana uku bayan nan hedimasta ya tsaya a bakin taga.

Na yi kwana uku ina zuwa zaman makoki. A rana ta huɗu na koma aji. Ban iya rubutu mai kyau irin nata ba, amma na yanka kwali na ci gaba. Saura sh, da ky, da gw, da 'yan'uwansu masu harafi biyu. Na bi su biyu biyu a sati, ban ƙara ba, ko da yake ina ganin an fara kayar da dawa a gonakin bakin hanya. Labaran ma ni na koma rubutawa. Nawa ba su kai nata ban dariya ba.

Ana saura kwana kaɗan a yi hutu mutumin ya dawo. Ya fara yi mini ta'aziyya, ya ce Goggo tasu ce, kakanninsu sun yi kiwo tare. Sannan ya zaro takarda. Ba ta malamin dabbobi ba ce. Ya ce ranar kasuwar Aujara ya sami wani mai shago ya faɗa masa magana ya rubuta, ba wanda ya san abin da ke ciki sai su biyu. Na duba na ga rubutun a karkace yake, haruffan sun hau juna. Na ce ya bari in kwafe mata a allo da kyau. Ya ce a'a, takardun da za ta gamu da su a duniya ba malamai ne za su rubuta su ba.

Muka fita gindin darbejiya, mu uku. Ta riƙe takardar. Ta sa yatsa.

"Fa, ra, r. Farar. Sa, ni, ya. Farar saniya ta hai, hu. Ta haihu ranar La, ra, ba."

Uban ya gyara riƙon sandarsa. Ta ci gaba, ta karanta cewa maraƙin namiji ne. A layi na uku ta tsaya cak a kan wata kalma. Ina ganin kalmar daga inda nake, tana bakina. Na fara ƙirga a zuci. Na kai bakwai sai na ji ta ce, "Gya. Gya, ra. Gyara." Ta koma farkon layin ta ɗauko shi gaba ɗaya: "Ki ce wa kakarki ta gyara miki shimfiɗa."

Ta gama, ta tsaya tana jiran a ce ta yi daidai ko ba ta yi ba. Na tambaye ta abin da Goggo za ta tambaya: "Wa aka ce ya gyara me?" Ta sake kallon takardar, ta kalli ubanta. Ta yi masa magana da Fillanci, gajeriya, shi ma ya amsa da kalma ɗaya. Ban ji abin da suka ce ba, kuma babu mai yi mini tafinta. Ta ninke takardar ta riƙe, bai karɓa ba.

Ya ce mini, "Malama, tana tafiya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Saurin yana zuwa, in tana samun abin karantawa kullum."

Ya ce to, in sun dawo da damina zai sake kawo wata takardar, mai tsawo. Na ce Allah ya kai mu. Suka tafi, yana gaba tana biye.

Bayan hutu ta dawo, daga gidan kakarta take zuwa. Yanzu tana karanta shafi guda ba ta sa yatsa ba, kuma in ta ga kwalin magani ko buhun taki sai ta tsaya ta ga abin da ya ce. Malamar aji ɗaya ta fara shigowa tana zama a bayan ajina, ta ce in nuna mata yadda ake yi, kuma ina nuna mata iyakar abin da na sani. Littafin bitar na karanta shi sau biyu, akwai wuraren da sai yanzu nake gane su, akwai waɗanda da Goggo na nan da na tambaye ta a mota.

Mafi yawan ajin suna karatu, wasu da sauri wasu a hankali. Amma akwai yara bakwai da suka san sautin kowane harafi in an nuna musu shi kaɗai, in an ce su haɗa biyu sai abin ya watse. Na mayar da su benci ɗaya kusa da ni, muna zama minti goma bayan an tashi. Har yanzu ban gano abin da ke tsayar da su ba.